Baba A-Sake da Ƙafar Abbanmu

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa, kafin mai shara, kafin ɗalibai, kafin ma mai gadin ƙofa ya gama shan shayinsa. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya ciro makullai daga aljihun gaba, ya zare farar rigarsa daga ƙusa ya saka. Tagogi biyar ne a ɗakin, huɗu yake buɗewa, domin ta biyar ɗin rana take leƙowa kan teburin shanya, shi kuwa ba ya yarda rana ta taɓa masa ganye. Daga nan sai ya bi ganyayyakin da ke baje a kan tsofaffin jaridu, yana juya su da bayan yatsa, yana murza ɗaya kusa da kunnensa ya ji ko ya bushe. Ya duba ma'aunin zafin akwatin ɗumi, ya rubuta abin da ya gani a wani littafi mai baƙin bango. Ya ɗora tukunyar tururi da ake turara kwalabe da farantai. Sai ya gama duk wannan yake amsa gaisuwa da baki. Wanda ya gaishe shi kafin nan, ɗaga hannu kawai zai samu.

Shekara talatin da uku ke nan yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ɗalibai da yawa sun shiga sun fita ba su san sunansa na gaskiya ba. Baba A-Sake kowa yake ce masa, domin ita ce kalmar da ta fi zama a bakinsa. Ka kai masa sakamakon da ka sha wuya a kansa, bakinka har kunne, ya duba, ya ɗan karkata kai, ya ce a sake. Da wankin kwalabe ya fara, yana saurayi da takardar sakandare. Yau kundayen bincike fiye da ɗari biyu ne suka ratsa ta hannunsa, amma in ka duba su ba za ka ga inda aka ambace shi ba, sai layi ɗaya a ƙarshen shafin godiya, inda ake haɗa shi da sauran ma'aikata a dunƙule.

Ni ma haka na yi masa a nawa kundin, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shi ya sa yau na ɗauki alƙalami, domin akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Mahaifina tela ne, da ƙafar dama yake taka keken ɗinki, kuma saura kaɗan in yi sanadin yanke masa ita. Wannan dattijo ne ya tare ni a hanya.

Bari in fara da aikin, don wanda bai taɓa shiga irin ɗakinmu ba. Muna ɗebo ganye da saiwa da ɓawon itatuwan daji waɗanda mutane suka daɗe suna magani da su, mu shanya a inuwa, mu niƙa, mu jiƙa garin a sifirit har ya jawo sinadaran da ke ciki. Sannan mu yi wa ruwan da muka tace tambaya biyu. Ta farko, yana kashe ƙwayoyin cuta? Sai mu shuka ƙwayoyin a ƙaramin farantin gilashi, mu ɗiga maganin a kan 'yar takarda mai girman maɓallin riga, mu ɗora a tsakiya, mu rufe a akwatin ɗumi zuwa washegari. Idan maganin yana da ƙarfi, za a ga fili fes ya zagaye takardar, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa, sai a sa rula a auna faɗinsa. Ta biyu, yana ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa? Ita wannan, Baba yana kiranta hana tsatsar jiki. Akwai wani ruwa mai launin shunayya da muke ɗiga maganin a ciki, idan ya koma rawaya to sinadaran suna nan.

Kowa yana iya karanta wannan a littafi cikin awa ɗaya. Abin da ba ya cikin littafi shi ne abin da Baba ya sani.

Direban motar sashenmu ya fi kowa labarinsa, domin shi yake kai su daji. Ya ce in dai Baba yana wurin, ɗalibi ba ya zagaye itace da wuƙa ya saɓule ɓawon duka, gefe ɗaya ake ɗiba a bar wa itacen ransa. In an haƙa saiwa, sai an mayar da ƙasa an danne. Ya ce wata rana sun kusa isa gida, kowa ya gaji liƙis, Baba ya lura wata ɗaliba ta cika buhu da ganye ba ta yanko reshe mai fure ba, wanda da shi ake tabbatar da ko wane itace ne. Ya sa aka juya mota, tafiyar awa guda da rabi. Har yau in direban ya tuna sai ya yi tsaki, sannan ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mutum mai taurin kai da sanyin murya irinsa ba.

Akwai kuma Inna mai ganye, tsohuwar da ke zama a bakin kasuwa da ƙullin saiwoyi a gabanta. Ta ce mini masu karatu da yawa sun zo sun tsugunna a gabanta, sun kwashe abin da ta sani a littafi, ba ta sake ganin ƙeyarsu ba. Baba kaɗai yake komawa ya faɗa mata abin da aka gani, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ya taɓa gaya mata wata saiwa da take ji da ita ba ta nuna komai a faranti ba, ya kuma ƙara da cewa faranti ba jikin mutum ba ne, ba komai yake gani ba. Ta yi fushi da shi na sati biyu. "Mutumin nan," in ji ta, "ko ƙaryar faranta rai bai iya ba. Shi ya sa in ya ce abu yana da kyau nake yin barci."

Yanzu ga nawa labarin.

Lokacin ina digiri na biyu, na zaɓi in yi bincike a kan wani ganyen daji da a gidanmu muke kira ganyen Kaka. Marigayiya kakarmu ce take murza shi ta manna mana in mun yanke ko mun ƙuje gwiwa wajen wasa. Ina son ta ƙwarai, kuma gaskiyar magana ba bincike na shiga yi ba, na shiga ne in tabbatar wa duniya cewa Kaka tana da gaskiya. A daidai lokacin Abbanmu ya taka wani guntun ƙarfe a shago, ya huda shi a ƙarƙashin ƙaramin yatsan ƙafar dama. Yana da ciwon suga, saboda haka likita bai ɗauki abin da wasa ba. Ya rubuta masa magani, ya ce ya riƙa zuwa wankin ciwo bayan kwana bibbiyu. Abba ya tsani layin asibiti. Kullum in ya dawo sai ya yi ta mitar cewa an cinye masa rabin yini a kan benci, ga ɗinkin mutane jibge yana jiransa.

Saura sati shida in miƙa kundi. Ƙa'idar aikin ita ce bayan an tace ruwan ganye, sai a bari sifirit ɗin ya tashi gaba ɗaya, har abin ya zama ɗan kauri mai danƙo a gindin kwalba, kuma wannan yana cin kwanaki. Akwai kuma abin da Baba yake kira shaida, wato takarda ta biyu da ake ɗiga mata sifirit zalla, ba ganye, a ɗora ta a gefe, don a ga ko sifirit ɗin shi kaɗai yana yin wani abu. A satin nan Baba ya tafi daji da 'yan ajin ƙasa na kwana uku. Na dubi kwalbata, na dubi kalanda, na ce a raina ai ya bushe haka nan. Na ɗiga shi yadda yake, na ɗora takardun da danshinsu. Shaida kuwa na ce ɓata faranti ne.

Washegari na buɗe akwatin ɗumi, na sa rula na auna. Filin da ya zagaye takardata ya kai milimita ashirin da takwas, ya fi na maganin asibitin da muke kwatantawa da shi. Na ruga ofishin Farfesan da ke duba aikina. Ya ga hoton, ya ga lambobin, ya ce madalla, in je in rubuta. Ban zarge shi ba, ɗalibai goma sha biyu yake dubawa, kuma ban faɗa masa yadda na yi ba. Da yamma na kai hoton gida a waya, ina nuna wa kowa, kaina ya kumbura. Abba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to shi ke nan, tunda 'yarsa ta tabbatar da maganin uwarsa ya fi na Bature, shi da asibiti sai gaisuwa. Umma ta fara daka ganyen tana ɗaura masa safe da yamma. Ina tsaye aka yi, ban hana ba. Daɗi ma na ji.

Baba ya dawo, amma na yi ta zille masa har kusan sati, ina shiga in ya fita. Ran nan ya ritsa ni ina kwafe lambobi. Ya taya ni murna, ya ce ya ji labari a wajen Farfesa. Sai ya ɗauki kwalbata, ya buɗe, ya kaɗa iskar bakinta da hannu zuwa hancinsa. Ya rufe a hankali ya ajiye.

"'Yata, ina shaidarki?"

Na ce lokaci ya ƙure, kuma sakamakon a bayyane yake, ba ya buƙatar shaida. Ya ce abin da ke cikin kwalbar nan har yanzu sifirit ne da aka yi wa koren launi. Ya ce a sake.

Abin da na mayar masa har yau in na tuna kunya takan rufe ni. Na ce, "Baba, wanda ya fi ka karatu ya gani ya yarda."

"Gaskiya ne," ya ce, "ya fi ni karatu."

Ya ɗauko faranti ɗaya, ya shuka ƙwayoyin a gabana, ya ɗora takarda biyu, ɗaya da ruwan kwalbata, ɗaya da sifirit zalla, duka da danshinsu kamar yadda na yi. Ya ba ni alƙalami ya ce in rubuta kwanan wata a murfin da hannuna, in saka a akwatin da kaina. Na yi, na fita na buga ƙofa.

Da safe na iske shi yana juya ganye. Bai ɗago ba, ya ce farantina yana jirana. Na buɗe akwatin. Fili biyu na gani, kusa da juna, girmansu ɗaya. Ya zo ya sa mini rula a hannu, amma ban ma auna ba, ido ya isa. Na zauna a kan kujera ina tunanin ɗan lokacin da ya rage da kundi da abin da zan faɗa wa Farfesa. Na ɗauka yanzu zai yi mini wankin babban bargo, kuma da ya yi da na cancanta. Sai ya ja kujera ya zauna a gabana, ya tambaye ni wa da wa na nuna wa hoton. Na ce Farfesa da mutanen gida. Sai ya sake tambaya.

"A gidan akwai wanda yake sa shi a jikinsa?"

Sai a lokacin na tuna da ƙafar Abba. Kwana tara ke nan Abba bai je asibiti ba, kuma wallahi har zuwa wannan tambayar kundina kawai nake tunani. Na faɗa masa komai, ciwon suga da ƙarfen da ɗaurin da Umma take yi. Ya miƙe, ya karɓe littafina daga hannuna, ya haɗa da kwalbar ya sa a kabad ya kulle.

"Kundi zai jira ki, ba ya ruɓewa. Tashi ki tafi yanzu."

Shi ya fita ya nemo direba ya roƙe shi ya sauke ni.

Na iske Abba a shago, keken ɗinki a rufe da zane, ƙafar a kan wata 'yar kujera. Tun daga ƙofa na ji warin. Ya ce mini kwana biyu ba ya iya taka keken, amma ba ya jin zafi sosai, alamar sauƙi ke nan. Na durƙusa na kwance tsumman. Yatsan ya yi baƙi, kumburin ya haura har idon sawu. A rayuwata ban taɓa faɗar magana mai nauyin wadda na faɗa a wurin ba. Na ce masa na yi kuskure, ba ganyen ba ne ya kashe ƙwayoyin, ruwan da na jiƙa shi a ciki ne, kuma gaggawa ce ta sa na ƙi bin ƙa'ida. Sannan ya ce, wato duk karatun nan da ake ta yi, sifirit aka gano yana kashe cuta, abin da kowane mai aski ya sani. Na yi dariya ina hawaye. Ya ce in miƙo masa hularsa.

Kwana goma sha tara ya yi a gadon asibiti. An cire ƙaramin yatsan. Likitan ya ce da an ƙara 'yan kwanaki, da ba maganar yatsa ake yi ba. Ƙafar ta tsira, kuma bayan wata uku na ji ƙarar kekensa tun daga bakin layi.

Da na koma makaranta, na tarar Baba ya jiƙa sabon gari ya bar shi yana bushewa a kan ƙa'ida, da sunana a jikin kwalbar. Farfesa ya tambaye shi me ya tsayar da aikin, Baba ya ce masa kawai muna sake gwadawa ne don a tabbatar. Bai faɗa wa kowa abin da na yi ba, bai kuma taɓa tuna mini maganar da na gaya masa ba. Muka sake, sau uku, kowane faranti da shaidarsa. Ganyen Kaka ya ba da ɗan fili na milimita tara a kan ƙwayar cuta iri ɗaya, sauran kuwa ko a jikinsu. Amma da muka ɗiga shi a ruwan shunayya, nan take ya koma rawaya. Baba ya ɗaga kwalbar a gaban taga yana murmushi kamar shi aka yi wa kyauta. Ya ce kakata ba ta yi ƙarya ba, ganye ne mai albarka, kuma ita a ƙujewar yara take sa shi, ba ta taɓa cewa zai warkar da ciwo mai zurfi a ƙafar mai suga ba. Mu ne muka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Na miƙa kundi a makare da zango ɗaya. Ba wanda ya yi shewa a kansa, lambobinsa ƙanana ne, amma kowace a cikinsu zan iya dafa ta in rantse. Yau ina koyarwa a wannan sashe, kuma na ji ɗalibai sun fara gunaguni a bayan idona cewa na fi Baba tsanani. Ban kai shi ba, ina dai ƙoƙari.

Baba, kai ne ka koya mini cewa son abu ba ya mayar da shi gaskiya. Kai ne ka ga na yi abin kunya ka rufa mini asiri, ka gyara aikin ba tare da ka karya mai aikin ba. Na zo maka da girman kai, ka tambaye ni lafiyar mutumin da ba ka taɓa gani ba. Mai hancin da ya fi na'ura, mai haƙurin jiran kwalba ta bushe, na gode. Ka yafe mini maganar ran nan, na san ka ce ka manta, ni ce ban manta ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa, ya sa 'ya'yanka su samu wanda zai tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa 'ya'yan mutane.

Ku kuma abokan aikina masu binciken itatuwa, da ɗalibai, da masu sayar da magani a kasuwa da a rediyo, ku tuna duk abin da muka ce yana warkarwa, akwai wanda zai ji ya ajiye maganin likita ya ɗaura shi a jikinsa. Ku jira kwalba ta bushe. Ku ɗora shaida ko da faranti ɗaya ya rage muku. In kun rubuta takarda, ku sa sunan wanda ya wanke muku kwalabe ya kama muku kuskure, ku sa shi cikakke, ba a dunƙule ba. In kuma kuna da irin Baba a wurin aikinku, ku gode masa tun yana zuwa da ƙafarsa.

Saura saƙo ɗaya, kuma ba nawa ba ne. Baba, ranar Litinin za ka ga ƙunshi a kan teburinka. Riga ce. Kada ka tambayi yadda aka samu awonka, mai ɗakinka ce ta ba ni tsohuwar rigarka a ɓoye. Da Abbanmu ya ji za ka ajiye aiki, ya hana kowa taɓa yadin, shi ya yanka, shi ya zauna a keke yini biyu, duk da idonsa ya fara rauni. Ku biyun ba ku taɓa haɗuwa ba. Na tambaye shi ko in rubuta wani abu in saka a ciki, ya ce ba sai an rubuta ba.

"Ki dai faɗa masa," ya ce, "da ƙafar dama na ɗinka ta."